Shekarar da Aka Ƙirga Kifi Ɗaya Sau Biyu

Da sunan Allah nake buɗe bakina, shi ne ya san abin da na ɓoye da abin da zan faɗa. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata ƙananan surori, saboda haka Malama Rifkatu ce take rubuta wannan, maƙwabciyata a nan Hayin Banki tun kafin a haifi Auta, wadda ta koyar da ku duka ukun a firamare. Na zaɓe ta ne don ba ta ƙara wa magana gishiri, kuma in kuka ya zo mini takan ajiye biro ta jira, ba ta cewa in yi haƙuri. Abba, Jummai, Auta, wannan babin naku ne, amma Abba ya fi kowa rabo a ciki. Abba, ranar sunan ɗanka na ƙarshe ina ɗaki, na ji ka ta taga kana ce wa abokinka mahaifinka mutum ne da ya zaɓi kifi a kan 'ya'yansa. Ban ce komai ba ranar, gida cike yake da mutane. Shekara huɗu ke nan maganar tana zaune a ƙirjina, ga shi jikin nan ya fara sallama. Ba na so in tafi in bar ka da wannan a kan mutumin da yake kwance a kabari, ba shi da bakin kare kansa.

Kun san a Tafkin Chadi aka haife ni, amma ba ku san tafkin ba, don ban taɓa ba ku labarinsa yadda yake ba. A kan tumbu aka haife ni, wato tsibirin da ruwa yake bayarwa wata shekara, wata shekarar ya karɓe abinsa. Mahaifiyata takan ce an haife ni a Najeriya, an yaye ni a Nijar, alhali bukkarmu ba ta gusa ba, masu kaki ne kawai suka sauya, kowa ya zo ya ce nan ƙasarsu ce. Mu dai ruwa muka sani. Da safe hazo yakan kwanta a kansa har ba ka bambance sama da ƙasa, sai ka ga kwale-kwale yana tahowa kamar a iska yake tafiya, mutumin da ke ciki ba ƙafa, ba inuwa. Maza su sauke kifi, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, wani lokacin giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Daga nan aikin ya koma hannun mata. Mu ne muke fafewa, mu lanƙwasa, mu jera a kan murhun banda, mu zauna da hayaƙi kwana uku har kifin ya ƙyafe. Tun ban kai tsayin murhun ba nake juya kifi. A nan mahaifinku ya same ni, yana saurayi ma'aikacin ofishin kifi, da sikeli a hannu da littafi a hammata, wandonsa a naɗe har gwiwa, sauro ya gama da shi. Ya nuna ƙurungu ya rubuta tarwaɗa. Na yi dariya har na ƙware. Dariyar nan ce ta kawo ni Kaduna.

Kaduna ta karɓe ni da kyau, ban da abin da zan ce da ita. Sai dai ranar da Malam ya kai ni gada ya nuna mini kogi, yana murna zai faranta mini, na duba na ga gaɓar can ƙarara, har da mai wanki a kanta. Na ce da shi ya yi kyau. A raina kuwa na ce, ruwan da ido yake tsallakewa ina zai kai mutum? Shekara goma sha bakwai na yi ban sake maganar tafki ba. Iyayena sun rasu a can, tumbunmu ma an ce ruwa ya janye ya bar shi, an shuka wake a inda muke ɗaure jirgi. Amma in na kishingiɗa bayan azahar, nakan ga ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa a hankali, ya cika tsakar gida, ya ɗauki turmi da kujera 'yar tsugunne suna lilo, ni kuma ba tsoro, sai sanyi a ƙafata. Sai kukan Auta ya tashe ni, in ga siminti a bushe.

A shekarar da nake son ba ku labari, Abba yana da goma sha huɗu, Jummai goma, Auta tana goye. Malam a lokacin ya bar yawon gaɓa, yana zaune a ofis, takardun ƙidayar kifi suna zuwa masa daga tafki yana haɗawa. A shekarar ne ƙasashe huɗun da suke shan ruwan tafkin, mu da Nijar da Chadi da Kamaru, suka ce a haɗa littattafan kifi wuri ɗaya, tunda kifin bai san iyaka ba. Aka yi zama a nan Kaduna. Wata Asabar Malam ya zo mini da baƙo cin abincin rana, takwaransa daga Nijar, Malam Haruna, dogo siriri mai yawan dariya, Hausarsa irin ta gabas mai daɗin ji. Na shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin mangwaron nan da aka sare bara, na kai musu tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya, na zuba banda a ciki ba ƙyashi. Ina daga bakin madafa ina jin su. Damuwarsu ita ce, takardun kowace ƙasa suna cewa kifi ƙaruwa yake, masunta kuma suna rantsuwa raga sai ƙara sauƙi take. In aka bi takarda, ba wanda zai hana raga mai ƙananan ido, ba wanda zai ce a bar kifi ya yi ƙwai, har a wayi gari an kwashe tafkin.

"Ku 'yan Najeriya komai naku sai ya fi na kowa yawa," in ji Malam Haruna. "Har kifin takarda."

"Ku fa? Kun rubuta kifi da Faransanci, ko shi kansa in an kira shi da sunan ba zai waiwayo ba."

"To ai shi ya sa namu bai gudu ba, yana nan a littafi."

Na kawo musu ruwa. Malam Haruna ya ɗago wani yanki na tarwaɗa daga miya ya ce, "Uwargida, sannu da aiki. In faɗi gaskiya ko da mijinki zai yi fahari, kifinku na Najeriya akwai daɗi."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ai ba namu ba ne, naku ne."

Malam ya dube ni, don ba al'adata ba ce in sa baki a zancen maza. Malam Haruna ya ce, ba a Kasuwar Kawo na saya ba? Na ce a nan na saya, kuma a kwalin Baga ya zo, amma ba a gaɓarmu aka kama shi ba. Na koma madafa na ɗauko guda ɗaya da ban sa a miya ba, na durƙusa na nuna musu. Na ce ku duba yadda aka lanƙwasa shi, an cusa jelar a baki ba a soke da tsinke ba, haka matan tumbunan arewa suke yi, don su ba su da itacen tsinke. Ku shinshina kuma, wannan hayaƙin ciyawar ruwa ne da kashin shanu, namu na kudu da itace ake yi, ya fi baƙi. Na ce wannan kifin da safe aka sauke shi a gaɓarku yana ɗanye, ma'aikacinku ya ɗora a sikeli ya rubuta. Ya kwana uku a murhun wata mata. Aka zuba shi a jirgi zuwa kasuwar Baga, ma'aikacinmu ya ƙirga kwali ya rubuta an kama a Najeriya. Wanda ya fito ta Chadi ya biyo ta Kamaru, Allah kaɗai ya san sau nawa aka rubuta shi.

Malam Haruna ya cire hannunsa daga tuwo. Ya ɗauki kifin nan yana juya shi.

"Kifi ɗaya, littafi biyu," ya ce a hankali. "Mu muna gaɓa da safe, ku kuna kasuwa ranar kasuwa. Tsakanin nan wa yake tsaye?"

Na ce, "Mata. Ba wanda ya taɓa tambayarsu."

Kwana uku a jere suna dawowa bayan la'asar. Ni a bakin ƙofar ɗaki da Auta a cinya, su a tabarma da takardu. Na faɗa musu lanƙwasar kowane yanki da na sani, da ɗaurin igiyar kwando, da yadda ake gane kifin da ya kwana a jirgi. Malam yana zanawa, ya nuno mini in ce a'a, jelar ba haka take ba, ya goge. Abubuwan da na ɗauka na manta suka riƙa fitowa da kansu, har da sunayen matan da suka koya mini, har da muryoyinsu. A wajen taron Malam ya tashi ya faɗa, kuma bai ɓoye daga inda ya samo ba, ya ce matarsa ce, 'yar masu banda. Ya ce da farko an yi dariya. Da ya zazzage kifi huɗu daga jakarsa a kan teburin manya, ya faɗi gaɓar kowanne, mutumin Chadi ya ɗauki ɗaya ya shinshina ya ce wannan na garin kakarsa ne, sai dariyar ta tsaya.

Malama Rifkatu ta ajiye biro a nan ta ce, "Ashe ke ce farfesar, muna zaune da ke shekara da shekaru kina sayar mana da ƙuli-ƙuli." Na ce ta rubuta abin da na faɗa ta bar tsokana. Ta ce wannan ma sai ta rubuta.

Bayan wata biyu takarda ta zo. Ƙasashen sun amince a yi littafi ɗaya, a riƙa rubuta kifi sau ɗaya tak, a wurin murhu, daga bakin matar da ta ƙyafe shi. Suna son mutum biyu su zagaya tumbu tumbu su kafa abin, su koya wa ma'aikatan kowace ƙasa. Suka zaɓi Malam Haruna da mahaifinku. An ce shekara biyu. Ba gidan iyali a can, ba makaranta, ba asibiti, kwana a jirgi ko a bukkar wanda ya karɓe ka.

Abba, ka saurara da kyau. Mahaifinka ya ƙi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna a gefen gado ya rubuta takardar ƙi, ya karanta mini ita daga farko har ƙarshe, tunda ni ba na iya karantawa. Ya ce yana godiya, amma yana da ɗa da ya kai shekarun da ake son uba a gida. Da sunanka a cikin takardar. Ya ninke ta ya sa a aljihun rigar da zai sa ranar Litinin.

"Kin ji dai," ya ce. "A ba wani. Yaron nan muryarsa ta fara buɗewa, in na tafi wa zai riƙa yi masa magana?"

Na ce, "Wanda za a ba zai zauna da mata a bakin murhu?"

"Zai koya."

"Ba zai koya ba, Malam. Zai tsaya daga nesa saboda hayaƙi, ya tambayi mai gida, mai gida ya faɗi abin da ya ga dama. Kai ka san yadda ake gaishe su. Ka san ba a tambayar mace yawan kifinta tana cikin juyawa."

"To 'ya'yan fa?"

"Ina nan. Shekara biyu ce."

Asabar da Lahadi ban bar shi ya huta ba. Na ce masa kifin nan shi ya ciyar da ni, shi yake ciyar da dubban gidajen da ba su da gona. Na ce in tafkin ya ƙare saboda ƙaryar takarda, alhali ya san gaskiya, me zai ce wa Ubangiji. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba. Amma akwai abin da ban faɗa masa ba, ban kuma faɗa wa kowa ba sai yau da nake faɗa wa biron Malama Rifkatu. Ina son tafkin. Ni ba ni da hanyar komawa, mace da goyo da 'yan makaranta biyu. Na ga in ya tafi, wani nawa yana kan ruwan, zai dawo mini da ƙamshinsa a riga, zai ce mini ya ga hazo, ya ga wance tana raye. Kuma akwai daɗin da na ji, wanda ban taɓa ji ba, cewa maganata ni da ban san harafi ba ta shiga kunnen ƙasa huɗu. Ban so ta mutu a aljihun riga. Wannan son kai ne, na lulluɓe shi da maganar Allah da maganar talakawa, kuma Malam mutum ne da in ka ambaci Allah ba ya iya musu. Ranar Litinin ya fita da rigar, ya dawo da takardar a aljihu bai miƙa ba.

Shekara biyu ta zama tara. Kowace shekara akwai tumbun da ba a kai ba, ko ruwa ya matsa mutane sun tashi sai an bi su, ko wata ƙasa ta sauya ma'aikata sai an sake koyarwa. Yakan zo da sallah, baƙi ƙirin, idanu ja, kayansa duk hayaƙi. Auta takan ɓuya a bayana ta ce baƙo ya zo. Ya iso bikin Jummai kwana ɗaya bayan an kai amarya, saboda ciyawa ta toshe hanyar jirgi sun kwana huɗu a tsakiyar ruwa, ya zauna a tsakar gida cikin tukwanen da ba a wanke ba ya rufe fuska da hula. Lokacin da Abba ya kwanta a asibiti da ƙafa a karye, saƙo bai same shi ba sai da aka cire filasta. Kai kuma, Abba, ka daina tambayarsa. In ya zo ka gaishe shi a tsaye ka fice. Yakan bi bayanka da kallo, ya ce da ni, "Ya girma." Iyakar abin da yake cewa ke nan. Sau biyu ya ce zai ajiye aikin, sau biyu na ce saura kaɗan. Ni kuwa in kun fita makaranta nakan ɗauki rigarsa kafin in wanke, in sa fuskata a ciki, in tafi can. Yakan zauna ya ba ni labari, wance ta rasu, 'yar wance ita ce take riƙe da murhu yanzu, sun ce a gaishe da 'yar da ta aiko musu da mai littafi. In na rufe ido sai in ji jirgi yana motsi a ƙarƙashina.

Littafin ya kafu. Malam ya ce da aka daina ƙirga kifi sau biyu, manya sun ga abin da masunta suka daɗe suna faɗa, har aka fara maganar idon raga da watannin ƙwai. Ban san abin da ya rage daga aikin ba bayan tafkin ya zama wurin da mutane suke gudu daga gare shi. Nakan ji a rediyo ƙasashen sun sake zama a kan kifi, in ƙara murya, ba na jin sunan kowa da na sani. Shi dai ya dawo da tari, shekara tara yana shaƙar hayaƙin murhu don ya zauna inda na ce ya zauna. Shekara ɗaya da rabi ya yi a gida. Mafi yawanta a kwance, kai kuma, Abba, lokacin kana Zariya kana karatu, kana zuwa kana komawa kamar mai biyan farilla. Ya hana ni faɗa muku cewa ni na tura shi. Ya ce yaro ya yi fushi da uban da ba ya nan ya fi sauƙi a kan ya yi fushi da uwar da yake cin tuwonta. Na karɓi wannan rangwamen, na ci, na yi shiru shekara goma sha biyar bayan rasuwarsa. Allah ya yafe mini.

Saura abu ɗaya, ranar da ya fara tafiya. Abba ka ƙi rakiya, ka ɗauki jaka ka tafi makaranta tun kafin mahaifinka ya gama karyawa. Jummai tana wurin Malama Rifkatu. Ni kaɗai na bi shi tashar Kawo da Auta a baya. Hantsi ya yi, motar Maiduguri ta kusa cika, ya samu wuri a gefen taga, an ɗaure jakarsa da sikelinsa a sama. Ina tsaye ina kallon masu lemo da masu burodi, sai na ga ya buɗe ƙofa ya sauko. Kwandasta yana ta ihu, Alhaji ina za ka, mun cika. Ya zo ya tsaya a gabana, ya sa hannu ya gyara wa Auta hula. Bai dube ni ba.

"Abba bai ko waiwayo ba da zai fita," ya ce. "Ki ce in zauna. Kalma ɗaya. In sauke jakar nan mu koma gida, in je in ɗauko shi daga makaranta da kaina."

Direba ya danna ham. Na ji Auta ta motsa a bayana. Na buɗe baki, kuma wallahi kalmar tana kan harshena, na ji nauyinta. Amma ta bayan kafaɗarsa, a kan kwaltar da rana ta fara dukawa, na ga wani ƙyalli yana rawa kamar ruwa ya kwanta har ƙarshen gani.

Na ce, "Mota za ta tashi, Malam. In ka isa, ka wanke fuskarka da ruwan, ka ce ina gaisuwa."

Sannan ya ce to, ya juya ya shiga.

Abba, ga wadda ta zaɓa. Ina Hayin Banki, a ɗakin da ka sani, da sauran numfashina, in kana da magana ka zo ka faɗa mini a fuskata zan amsa. Shi kuwa ka je ka tsaya a kan kabarinsa ka yi masa addu'a, don ya sauko daga motar nan saboda kai.